A'a Ta Farko

A gidanmu ba a karɓar abu a tayin farko. Ko yunwa na shirin kayar da kai, idan aka ce maka bismillah, amsar ita ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Sai a sake yi maka tayi, kai ma ka sake ƙi. A na uku ne, idan mai tayin ya ɓata fuska ya ce wallahi sai ka ci, za ka miƙe ka wanke hannu kamar an yi maka dole. Baba ne mai wannan doka, kuma shi ya fi kowa binta. Kafinta ne. Ya taɓa wuni yana kafa ƙofofi a wani gida cikin zafi, matar gidan ta kawo masa ruwan sanyi ya ce ba ya jin ƙishirwa, ita kuma baiwar Allah ta ɗauke kofinta ta koma ciki. Da ya dawo gida sai da ya kusa shanye mana ruwan firji duka, sannan ya goge baki ya ce wa Umma, "Mutanen gidan nan ba su da kirki ko kaɗan."

To da wannan tarbiyyar aka ɗora ni a jirgi, ni autar gida, aka tura ni karatu ƙasar waje.

Na tafi da abu ɗaya a raina. Kafin tafiyata likita ya ce zuciyar Baba tana buƙatar aiki, kuma a shekarunsa aikin ba wasa ba ne. Aka sa rana, sai ta faɗo cikin hutun da za mu samu a ƙarshen zangon farko. Masu ba ni tallafin karatu suna ba da tikitin zuwa gida sau ɗaya a shekara, na ce shi ke nan, Allah ya gama min komai. Ranar da za a tura gadon Baba zuwa ɗakin tiyata, in sha Allah ina nan tsaye a bakin ƙofar. Ban faɗa wa kowa da baki ba, don a ganina abu ne da ba ya buƙatar faɗa.

Ɗakin da aka ba ni a masaukin ɗalibai mu biyu ne. Gado nan, gado can, tebur biyu, da taga guda da ke kallon bangon wani ginin. Abokiyar ɗakina 'yar ƙasar ce, kuma ba ta rabuwa da kekenta, har cikin ɗaki take shigo da shi ta jingina a ƙarshen gadonta, shi ya sa na sa mata Mai Keke. Ranar da na iso, da jakunkuna biyu da ciwon kai da yunwar da ta fara sa ni ganin dishi-dishi, na same ta a kicin ɗinmu na haɗaka tana juya taliya a tukunya. Ƙamshi ya cika wurin.

Ta ce, "Za ki ci? Na dafa da yawa."

Na yi murmushin 'yar gidan mutunci na ce, "A'a, na gode, na ƙoshi."

Ta ce, "To." Ta zuba nata a faranti, ta juye sauran a roba, ta rufe, ta saka a firji. Na ji ƙarar rufe firjin nan har cikin hanjina. Na tsaya ina jiran ta juyo ta ce haba, ɗan kaɗan mana. Ina! Ta zauna tana ci tana danna waya. Na koma ɗaki na ci busasshen biskit ɗin da aka ba mu a jirgi, ina cewa a raina, wannan wace irin marowaciya Allah ya haɗa ni da ita?

Sauran abubuwan garin duk na koye su da wuya, amma na koya. Na gane direban bas ba ruwansa da gudun da kike yi, yana kallonki ta madubi zai rufe ƙofa ya ja motarsa. Na gane shaguna na rufewa tun ido na ganin ido. Injin wanki ya mayar min da farin mayafina ruwan hoda saboda na haɗa shi da jan zani, na yafe masa. Na gane idan maƙwabci ya ce miki sannu, gaisuwar ta ƙare ke nan, kada ki tsaya tambayarsa ya gida ya iyali, zai zaci wani abu kike nema. Amma maganar tayi ta ƙi shiga kaina. Kullum sai an yi min tayi sau ɗaya, kullum sai na ƙi, kullum sai na kwana ina zagin mutanen gari a zuci.

Mai Keke ce ta ja ni ƙungiyar masu hawan dutse. Ta ce ina yawan zaman ɗaki, fuskata ta fara kama da bangon da tagarmu ke kallo. Ni da a gida ko shago aka aike ni sai na yi tsaki! Na tambaye ta me ake samu a saman dutsen. Ta ce ba komai. Na ce ana sayar da wani abu a can? Ta ce a'a. Na ce to mutum ya bar ɗaki mai ɗumi, ya hau dutse don ya ga babu komai, ya sauko? Ta ce haka ne, kuma za ki so shi. Na bi ta ne kawai don kada a ce ba ni da zumunci.

Na fito ranar da takalmina mai kyau na zuwa aji da wata 'yar rigar sanyi shara-shara. Shugaban tafiyar wani dogo ne mai gemu, ɗalibin shekarar ƙarshe, da jakar baya kamar mai ƙaura. Kowa Jagora yake ce masa. A wurin ajiye motoci ya dube ni daga sama har ƙasa, ya buɗe bayan motarsa ya ɗago wata riga mai kauri.

"Ina da wannan, babu mai sawa. Kina so? Sama da sanyi."

"A'a, na gode, wannan ta ishe ni."

Ya ninke ta, ya mayar, ya rufe bayan motar. Na bi rigar da kallo kamar an rufe da 'yar uwata a ciki.

Ba mu yi nisa ba aka fara yayyafi, irin siririn nan da ba ya ƙara amma yana ratsa ƙashi. Takalmina ya sha ruwa ya fara kuka duk taku. Jagora kan juyo lokaci-lokaci ya ce kowa lafiya, ni ce mai fara cewa lafiya lau. Da rana ta yi tsaka muka zauna a gindin wani dutse cin abinci. Ban zo da komai ba, don na zaci yawo ne na ɗan lokaci. Wani ya miƙo min burodi da cuku, na ce na ƙoshi, ya cinye. Wata ta miƙo shayi a murfin filas, tururi na tashi, na ce na gode, ta shanye a gabana. Mai Keke ta ɓare ayaba ta ce ko rabi, na girgiza kai. Mutum huɗu ko biyar suka yi min tayi ranar, babu wanda ya maimaita. Na ce lallai ba Mai Keke kaɗai ba ce, abin a jininsu yake.

A hanyar saukowa ƙafafuna suka ce sun gama aiki. Na zauna daɓas a kan wani jiƙaƙƙen dutse, haƙorana na haɗuwa, sai kawai kuka ya ƙwace min. Duk suka zagaye ni. Jagora ya durƙusa ya ce me ya faru, ko na gurɗe ne.

Na ce, "Wai ku wane irin mutane ne? Ina jin sanyi, ina jin yunwa tun safe, kuna ta ci a gabana!"

Ya ce, "Amma mun ba ki, kin ce a'a."

"Sau ɗaya! Sau ɗaya ake yi wa mutum tayi?"

Suka kalli juna. Cikin kuka da majina na yi musu bayanin dokar gidanmu, tun daga tayin farko har zuwa wallahi sai ka ci. Mai Keke ta dafe kai ta ce, "Wato taliyar nan ta ranar farko…" Na ce e, ita ma. Ta yi dariya har ta kusa zamewa, sannan ta cire rigarta ta lulluɓa min. Wannan karon ba ta tambaye ni ba.

Jagora bai yi dariya ba. Sai da na sha shayi na dawo hayyacina, sannan ya zauna kusa da ni ya ce, "Ki saurare ni. A kan dutse ba ni da abin dogaro sai abin da kowa ya faɗa min. Idan kin ce ba ki gaji ba, zan ƙara tafiya. Idan kin ce ba kya jin sanyi, zan bar rigar a mota. Wata rana irin wannan a'ar za ta iya kashe ki, ko ta kashe wanda zai ɗauko ki. Kuma a wurinmu, idan mutum ya ce a'a ka ci gaba da matsa masa, ka raina shi ke nan, kamar kana cewa bai san abin da yake so ba."

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Kuma ni idan na kama abu ba na yi masa riƙon wasa. Kafin wata ya zagayo na zama gwanar e. Mutum bai gama cewa "kina son" ba na ce ina so. Na samu takalmin hawa mai ƙarfi, na samu jakar baya, na koyi kafa tanti iska na neman ƙwace shi, na koyi duba taswira ba tare da na juya ta ƙasa a sama ba. Na faɗa cikin rafi sau ɗaya, na zauna a taɓo ban san adadi ba. Wata tunkiyar makiyaya ta taɓa bin mu rabin wuni saboda gyaɗar da ke aljihuna. Abin mamaki, na fara son abin da gaske. Akwai wani shiru a saman dutse, idan kin iso kina haki kin zauna, garin duk ya koma ɗan ƙarami a ƙasa, babu mai kiran sunanki, babu jarrabawa. Duk mako nakan ƙosa ƙarshensa ya zo.

Har wa'azi na fara yi wa mutanen gida. Na kira Yaya, babbar 'yar'uwata, na ce mata mu fa rabin rayuwarmu a tayi da ƙin tayi muke ƙarar da shi, mutum ya faɗi abin da ke ransa mana a wuce wurin. Na ce mata a nan a'a a'a ce, e kuma e ce, shi ya sa suka ci gaba. Ta bar ni na gama tsaf, ta ce, "Sannu 'yar boko. Allah ya ƙara ilimi."

Ana saura kaɗan hutu, Jagora ya sanar da babbar tafiyar shekara. Za a ratsa jerin duwatsu daga wannan gefe zuwa wancan, kwana da kwanaki ana kwana a tanti, kuma mutum kaɗan yake ɗauka. Ya karanto waɗanda ya zaɓa, sai na ji da ni. Ni! Mai kukan kan dutse! Na yi tsalle na rungume Mai Keke, sai daga baya na duba ranakun na ga sun hau daidai kan aikin Baba. Na ce wa Jagora ya ba wani gurbina, gida za ni. Ya ce zai riƙe min zuwa jibi ko da wani abu ya canza.

Da yamma na kira Baba don in gaya masa zan karɓi tikiti. Na ji ƙarar rediyonsa, na ji Umma na yi wa wani magana daga nesa. Muka gaisa, doguwar gaisuwar da na yi kewa, ya tambayi sanyi, ya tambayi karatu, ya tambayi ko ina cin abinci.

Na ce, "Baba, gobe zan je ofis a yanka min tikiti. Zan iso kafin a kwantar da kai."

Ya ce, "Haba Auta, kada ki zo. Ɗan aiki ne fa. Ki zauna ki huta, ki yi karatunki. Ga Ummanki ga yayarki, me za ki zo ki yi?"

Na ce, "To, Baba."

Sai layin ya yi shiru. Na ɗauka sabis ne, har na cire wayar daga kunne na duba. Can ya ce, "To. To madalla. Allah ya yi miki albarka." Ya miƙa wa Umma.

Ni kuwa na ajiye waya ina jin kaina wata wayayyiya. Na ce wa Mai Keke, kin ga, mahaifina ya ce kada in zo, kuma na girmama maganarsa, babba ne, ya san abin da yake so. Ta ce hakan ya yi kyau. Ita me ta sani? Ba ta taɓa ganin mutumin da ya wuni da ƙishirwa don an yi masa tayin ruwa sau ɗaya ba. Kuma gaskiya dutsen nan ina son sa, shi ya sa a'ar Baba ta zo min da daɗin karɓa. A ranar na aika wa Jagora cewa ina ciki.

Muka tafi. Bas ta sauke mu a wani ƙauye a gindin duwatsu, daga nan sai ƙafa. Tun a wunin farko sabis ya ɗauke, wayoyi suka koma na ɗaukar hoto. Cikinmu akwai wata baƙuwa, siririyar yarinya da ta zo daga wata ƙasa mai nisa ba da daɗewa ba, ta maye gurbin wani da ya yi rashin lafiya. Tafiya kam ta iya, ta ce a duwatsu ta girma, amma duwatsunsu ba su da irin wannan sanyi, kuma kayanta sun nuna haka. Ba ta da yawan magana. Komai aka ce sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai.

Washegari muka tsallaka wani rafi mai sanyin ƙanƙara, ta zame ta dafa da hannu biyu, safar hannunta ta jiƙe sharkaf. Da muka tsaya cin abincin rana, ta cire ta matse, yatsunta sun yi fari fat. Jagora ya zaro tasa ta ajiya ya miƙa mata.

"Ga wannan, a bushe take. Kina so?"

Ta ce, "A'a, na gode, ba komai."

Ya mayar cikin jaka ya ja zif. Na ga idonta ya bi safar nan har ta ɓace. Na san wannan kallon, ni na yi shi a wurin ajiye motoci. Na tsiyaya shayi a murfin filas, na ɗauko tawa safar ta ajiya, na je na zauna kusa da ita.

Na ce, "Karɓi ki sha."

"A'a, na gode."

"Haba, ɗan kaɗan. Ki ɗumama hannunki."

"Da gaske, na ƙoshi, ki sha abinki."

Ban san lokacin da na ɓata fuska irin ta Umma ba, na dangwara mata murfin a hannu na ce wallahi sai kin sha, da harshenmu na gida ma na faɗa, wanda ba ta ji ko kalma. Amma ta gane. Ta riƙe da hannu biyu ta shanye tas, ta saka safar, idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Ki yi haƙuri. A gidanmu ba a karɓa da wuri."

Na ce, "Na sani."

Ta yi 'yar dariya ta ce, "Babana ya fi kowa. Ko asibiti za a kai shi, sai ya ce kowa ya zauna, shi kaɗai zai je. Idan kuma aka zauna ɗin, ya yi wata guda ba ya yi wa kowa magana."

Filas ɗin na hannuna, ina shirin ƙara mata. Na tsaya haka da shi a karkace har shayi ya fara zuba a kan takalmina. Shirun nan na waya ya dawo min, wanda na ɗora wa sabis. Jira yake yi. Baba jira yake in ce haba Baba, ya ce a'a, in ce wallahi sai na zo, ya ce to tunda kin matsa. Na gane a'ar yarinyar da ban taɓa gani ba sai jiya, ta ubana kuma na karɓe ta hannu biyu na ce to.

Na tashi na je wurin Jagora na ce ina ake samun sabis. Ya nuna min wani tudu a gabanmu ya ce wani lokaci a can sama ana samu. Na bar jakata na hau shi kusan da gudu, ina zamewa ina dafa ƙasa. A sama iska kamar za ta ɗauke ni. Na ɗaga waya sama ina juyi kamar mahaukaciya har sandar sabis ɗaya ta fito. Na kira lambar Baba, Yaya ta ɗauka.

"Yaya, ina Baba?"

"An kwantar da shi tun jiya. Gobe da safe za a shiga da shi. Sun ba shi magani, barci yake." Muryarta a sanyaye, babu ko ɗigon tsokana, wannan ya fi ba ni tsoro.

"Ya ce wani abu a kaina?"

"Me zai ce? Duk wanda ya zo dubiya ya tambaye ki, sai ya ce karatu ya yi miki yawa, malamai sun hana ki motsi." Sannan ta ce, "Kin san ya gyara ƙafar gadonki? Likita ya hana shi riƙe guduma, ya faki idon Umma ya yi miki kantar littattafai a ɗakinki. Ranar da kika kira ya gama shafa mata fenti. Da ya ajiye waya ya ce in nemo tsohon zani in rufe ta kada ta yi ƙura."

Iska na ta bugun wayar.

Ta ce, "Wai wace irin ƙara ce wannan? A laburare kike?"

Sabis ya ɗauke kafin in amsa, kuma na gode masa.

Na sauko na gaya wa Jagora komai a tsaye, ina haki. Ya buɗe taswira ya nuna min wata hanya da ke gangarawa zuwa wani ƙauye inda bas ke zuwa, ya ce idan aka kama hanya yanzu za a isa kafin duhu, amma hanyar na da rikici, akwai inda take ɓacewa cikin duwatsu. Ya ce Mai Keke za ta iya riƙe sauran zuwa masauki na gaba.

"In raka ki?"

Bakina, wannan munafukin, ya riga ni. "A'a, kada ka bar mutanenka saboda ni, zan iya."

Ya gyaɗa kai, ya miƙo min taswirar, ya juya zai koma wurin jakarsa. Na bi bayansa da kallo. Na ce yau ga ni ga halina.

Na daka masa tsawa, "Kai! Ka sake tambayata mana!"

Ya juyo a rikice, ya dube ni, ya dubi Mai Keke da ta toshe baki da hannu. A hankali, kamar mai karanta wani sabon yare, ya ce, "In… raka ki?"

Na ce e. Ban jira na ukun ba, ba ni da lokacinsa.

Mun isa ƙauyen, amma bas ta ƙarshe ta riga ta wuce, sai ta safe. A cikinta nake, tana ta kwana-kwana a kan hanyar dutse, lokacin da aka tura gadon Baba. Na san lokacin, na yi ta kallon agogon wayata, ga wani tsoho kusa da ni yana ɓare lemo hankali kwance. Ya miƙo min ɓari na karɓa, na riƙe a hannu har ya yi ɗumi ban ci ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan safiyar ba. Daga bas sai jirgin ƙasa, daga nan sai ofishin masu tallafi inda wata mata ta yi ta duba kwamfuta tana cewa da na zo da wuri. Ina zaune a filin jirgi saƙon Yaya ya shigo: an fito da shi, yana numfashi, ki yi addu'a. Na kifa kai a kan jakar baya na yi kuka mai isata, babu wanda ya ce min sannu.

Da takalmin hawan dutsen na shiga asibitin, busasshen taɓo na zuba a kan tayil ɗin da aka goge. Wata ma'aikaciyar jinya ta bi ƙafata da harara. Umma ta rungume ni a baranda. Yaya ta dubi takalmin, ta dubi jakar da tanti ke ɗaure a samanta, ta ce, "Lallai laburaren naku da nisa." Sannan ta tura min ƙofa.

Baba ya rame, ya yi ƙanƙane a cikin gadon, ga robobi a hannu da hanci. Idonsa biyu. Ya daɗe yana kallona kafin ya yi magana, muryar can ƙasa.

"Ba na ce kada ki zo ba?"

"Ka ce, Baba."

Na ja kujera na zauna. Leɓensa ya bushe ya tsattsage. Akwai kofi da ruwa a kan 'yar durowar gefen gado, ma'aikaciyar ta ce an yarda ya sha kaɗan-kaɗan. Na ɗauka na kai kusa da bakinsa.

"Sha ruwa, Baba."

"A'a, ba na jin ƙishirwa."

"Ɗan kaɗan dai."

"Bar shi, Auta."

"Wallahi sai ka sha."

Ya buɗe baki. Na tallafo kansa, ya sha, ya ƙara, sai da na janye kofin da kaina don kada a yi mana faɗa. Na goge masa gemu da bakin mayafina, wanda injin wanki ya rina. Ya mayar da kai kan filo ya lumshe ido, har na zaci barci ya ɗauke shi. Sai na ji yatsunsa sun lalubo hannuna sun riƙe.

Bai buɗe ido ba ya ce, "Ran nan sau ɗaya kika tambaye ni."